Dole Ta Fi Fatalwa Ban Tsoro

Wancan satin na je biki Kalgo, da dare ni da 'yar kawuna muka haɗa kai a kan waya, muka kalli wani fim mai ban tsoro na ƙasar Tailan, sunansa Arbat, wanda ya fito a 2015.

Labarin wani saurayi ne da mahaifinsa ya tilasta masa zaman zuhudu a gidan ibadar mabiya addinin Buda. Aka aske masa kai ƙwal, aka yafa masa mayafi ruwan goro. Dokarsu kuwa ba wasa: ba cin abinci bayan rana ta yi tsaka, ba giya, mace ko taɓa ta ba a yi. Shi ko gogan naku sai ya faɗa son wata 'yar ƙauyen. Daga nan fatalwa ta sako shi gaba. A imaninsu, mai zunubi kan tashi dogo kamar giginya, baki kamar kafar allura, ga yunwa ba damar ci. Wai! Har sai da hukumar tace finafinan ƙasar ta hana nuna shi, aka yanke wasu wurare, aka mai da sunan Arpat.

Ni ina ƙudundune cikin zane, ita ko shiru. Can sai ta ce, "Yaya, ni ba fatalwar tab ba ni tsoro ba, uban yaron na. Baba ya ba da ni, bayan Sallah za a hidda ni makaranta."

Yarinyar da ke aji biyar fa! Tun da na dawo Gwandu barci ya ƙaurace mini. Jibi ni da Inna za mu koma wurin Kawu, ku sa mu a addu'a.