Sanyi Ba Ya Hana Sinadarai Haɗuwa

Kowane ɗalibin kimiyya ya haddace cewa zafi ne ke gaggauta haɗuwar sinadarai. Wannan gaskiya ne a ɗakin gwaji, amma malamin da ya tsaya nan ya rage wa ɗalibansa mudu, domin can tsakanin taurari akwai girkin da ake yi ba tare da wuta ba.

A cikin manyan gizagizan iska da ƙura da taurari ke fitowa daga cikinsu, sanyi yakan kai digiri 263 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyos. A nan ƙanƙarar ruwa da ta kabon monoksaid sukan lulluɓe ƙananan ƙwayoyin ƙura. Ita kuwa zarrar haidirojin, saboda rashin nauyinta, takan yi yawo a bisa wannan ƙanƙara har ta ci karo da kabon monoksaid. Idan biyu suka manne masa, sai a sami fomaldihaid; idan suka cika huɗu, sai metanol. Ƙurar ce ke shanye rarar ƙarfin da haɗuwar ta haifar, wanda da ba domin haka ba zai sake wargaza sabon sinadarin. A 2002 Watanabe da Kouchi suka tabbatar da wannan a ɗakin gwaji a Japan. Sa'an nan hasken taurari yakan farfasa waɗannan sinadarai, ɓaraguzan su sake haɗuwa su zama manya.

Shaida kuwa ta zo har hannu. An sami amino asid a dutsen Murchison da ya faɗo a Ostiraliya a 1969. A 2025 kuma aka bayyana cewa samfurin da kumbon OSIRIS-REx ya kawo daga dutsen Bennu a 2023 yana ɗauke da 14 daga cikin amino asid 20 da halittu ke gina furotin da su.

Sai dai a nan ne ake bukatar hattara. Wasu kan yi saurin cewa an gano rai a sama, alhali tulin tubali bai zama gida ba. Abin da aka tabbatar shi ne kayan ginin suna samuwa tun kafin a sami duniyar da za su sauka a kanta. Saboda haka ya wajaba malamai su koyar da ɓangarorin biyu tare, wato abin da gwaji ya nuna da kuma inda ya tsaya. Ɗalibin da ya iya bambanta su ba zai ruɗu da kowane kanun labari ba.