"BINCIKE YA NUNA": WANE BINCIKE, WA YA YI SHI, A KAN WA?

Makon jiya na je gaida gwaggona, sai na ga wata kwalba mai ƙyalli a kan talabijin, an rubuta cewa tana ƙara ƙarfin garkuwar jiki. Na ce, "Gwaggo, wannan fa?" Ta ce, "Ai na jikana ne, ɗan nan. Tun da ya yi ƙyanda bai koma daidai ba, yau zawo gobe tari. Wata ce a WhatsApp take sayarwa, ta ce Turawa sun yi bincike a kansa, har takardar ta turo mana."

Na karɓi wayar na duba. Takarda ce kam, da sunan mujalla da jerin sunayen daktoci. Amma da na karanta, a kan ɓeraye aka yi gwajin, babu ɗan Adam ko ɗaya a ciki. Kuɗin kwalbar kuwa ya isa a saya wa yaron ƙwai ɗaya kullum na fiye da wata guda.

Ni ban ga laifin gwaggo ba, ƙauna ce ta sa ta kwance bakin zaninta. Abin da ya dame ni shi ne yadda kalmar "bincike ya nuna" ta zama kamar laya, da zarar an faɗe ta sai kowa ya yi shiru.

Kada wani ya ce na musanta alaƙar abinci da garkuwar jiki. Gaskiya ce tsagwaronta. Tun 1968 Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga littafin Nevin Scrimshaw da abokan aikinsa biyu da ya tattara hujjoji a kan haka. Yaron da bai ƙoshi da abinci mai gina jiki ba cuta tana saurin kayar da shi, ita kuma cutar ta hana shi cin abinci, ta ƙara ramar da shi, wata cutar ta sake samun ƙofa. Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin yara masu tamowa ya ga wannan da idonsa.

Amma ku dubi yadda bincike na gaske yake tafiya. Wani likitan ido ɗan Amurka, Alfred Sommer, yana aiki a Indonesiya a kan dundumi, sai ya lura yaran da ke da ƙarancin bitamin A sun fi sauran mutuwa. Bai tsaya a zato ba. Ya ɗauki ƙauyuka 450 a yankin Aceh, aka ba yaran wasu ƙauyukan bitamin A, wasu ba a ba su ba, aka zuba ido. A 1986 mujallar Lancet ta buga sakamakon: mutuwa ta ragu da kusan kashi 34 cikin 100. Masana da yawa suka ce ƙwayar da ba ta kai kuɗin alewa ba ba za ta yi wannan aikin ba. To, maimakon zage-zage sai aka ce a sake gwadawa. Aka gwada a Indiya da Nepal. Aka gwada a Navrongo, nan arewacin Ghana, a kan yara sama da dubu 20, aka buga a 1993 cewa mutuwa ta ragu da kashi 19. A Afirka ta Kudu kuma, a 1990, aka gwada a kan yara 189 da ƙyanda ta kwantar a asibiti. Yara 12 suka rasu, 10 daga cikinsu waɗanda ba su samu bitamin A ba ne.

Labarin bai ƙare nan ba. A 2013 aka buga wani gagarumin gwaji daga jihar Uttar Pradesh ta Indiya, a kan yara kusan miliyan ɗaya, raguwar da aka gani ba ta wuce kashi 4 ba. Aka yi ta muhawara. Da aka haɗa duk gwaje-gwajen wuri guda, sai aka tarar amfanin yana nan, sai dai bai kai girman da aka fara zato ba. Har yau ana ɗiga wa yara 'yan wata 6 zuwa 59 wannan ƙwaya, shuɗiya ga 'yan ƙasa da shekara, ja ga waɗanda suka haura, kyauta, sau biyu a shekara. Ga kuma abin takaici: wannan da aka shafe shekaru kusan 30 ana gwadawa, ita ce wasunmu suke ɓoye 'ya'yansu idan an zo da ita. Ta kwalba da aka gwada a kan ɓera, ita muke bi da kuɗinmu.

Yanzu ga ɗaya ɓangaren, don kada a ce duk abin da babbar mujalla ta buga ya zama yankan wuƙa. Akwai wani farfesa a Kanada, Ranjit Chandra, wanda aka daɗe ana kallonsa a matsayin jigo a wannan fanni na abinci da garkuwar jiki. A 1992 Lancet ɗin nan dai ta buga bincikensa a kan tsofaffi 96, inda ya ce haɗin bitamin da ya ba su ya rage musu kwanakin rashin lafiya da kusan rabi. A 2001 ya sake buga wani, ya ce haɗin yana gyara ƙwaƙwalwa. Ashe shi ke da haƙƙin mallakar haɗin, kuma ana sayar da shi a kasuwa. Wasu masana suka bi alƙalumansa ɗaya bayan ɗaya, suka ga lissafin ba zai yiwu ba. Aka ce ya kawo ainihin bayanan, bai kawo ba. Aka janye takardar 2001 a 2005. Ya kai gidan talabijin na ƙasar ƙara kotu saboda fallasa shi, ya faɗi a 2015, aka kuma karɓe lambar girmamawar da Kanada ta ba shi. Ita takardar 1992, sai a 2016 aka janye ta. Shekara 24 kenan ana kafa hujja da ita! Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma kafin a kai ƙarshensa mutane nawa suka zuba kuɗinsu?

Wannan fa a mujallar da take tantancewa ne. Ina ga waɗanda ba ruwansu da tantancewa? A 2013 wani ɗan jarida masanin kimiyya, John Bohannon, ya ƙirƙiri takardar bogi cike da kurakurai da gangan, ya aika wa mujallu 304. Guda 157 suka amince za su buga. Ka biya, a buga maka, shi kenan. Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, malaman jami'o'inmu na cikin masu faɗawa wannan tarko, domin ƙarin girma yana bin yawan takardu. Malami ba shi da kuɗin bincike, ɗakin gwaji babu wuta, ga lokacin ƙarin girma ya matso. Sai ya jiƙa ganye, ya ɗura wa ɓeraye, ya biya a buga. Shi ya samu matsayinsa, 'yan kasuwa kuma sun samu takardar da za su yi ta turawa a waya. Ni a ganina jami'o'i su daina ƙirga takardu kamar buhunan masara, su koma duba ingancinsu, ko da guda uku ne.

Na san wani zai ce, to idan har Lancet za a iya yaudararta, me ya rage? Tambaya ce mai kyau. Amma wa ya kama Chandra? Masana ne 'yan uwansa, da lissafi. Wa ya rage wa bitamin A girman da aka ba shi da farko? Wani binciken ne. Inda ake janye kuskure a bainar jama'a ya fi mini kwanciyar hankali a kan mai kwalbar da ba ta taɓa cewa ta yi kuskure ba.

Don haka idan an ce maka bincike ya nuna, ka yi tambaya huɗu. A kan mutane aka yi ko a kan dabbobi? Mutum nawa, kuma an kwatanta su da waɗanda ba a ba su ba? Wasu daban sun maimaita sun ga haka? Mai binciken yana da abin sayarwa? Ba sai kana da digiri ba, haka muke yi idan za mu sayi akuya.

Abubuwan da suka tsallake wannan siraɗi ba su da kwalliya: nono zalla wata shida, rigakafi a kan lokaci, bitamin A na asibiti, ruwan gishiri da sukari tare da ƙwayar zink kwana 10 zuwa 14 idan yaro yana zawo, sai abinci iri-iri gwargwadon hali, wake, gyaɗa, ƙwai, hanta, manja, zogale, karas. Zogale abinci ne mai kyau, ni ma ina cin kwaɗonsa, amma ba ya maye gurbin allura. Kada kuma a je kemis a sayi bitamin A mai ƙarfi a yi ta sha, yawansa guba ne, musamman ga mai juna biyu.

Maganar gwaggo cewa yaro bai koma daidai ba tun bayan ƙyanda, ashe tana kan hanya. A 2019 mujallar Science ta buga binciken da aka yi a kan yaran Holan da ba a yi musu rigakafi ba, aka ga ƙyanda tana goge musu daga kashi 11 zuwa 73 na kariyar da jikinsu ya tara a kan wasu cututtuka. Wato babbar hanyar tsare garkuwar yaro daga wannan ɓarna ita ce allurar da ake yi kyauta a wata tara.

Washegari muka kai yaron asibiti, aka auna hannunsa, aka duba katinsa, aka ba shi abin da ya dace. Da muka dawo gwaggo ta kalli kwalbar ta ce, "To wannan fa, ɗan nan?" Na ce, "Ki bar ta nan, Gwaggo, ta yi wa talabijin ado." Ta yi dariya, ta ce in aiko mata da kiret ɗin ƙwai tunda ni ne mai bincike. Na aika.

Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Amin.