Dodon Hoto Ba Shara Ba Ne

A makon jiya wani abokina ya turo mini hoton kakansa, wanda aka ɗauka a Kurfi cikin shekarun 1970, yana murna wai an “gyara” masa shi a wani shagon kwamfuta a Dutsin-Ma. Na duba fuskar, sai na ga baƙo. Billen da ke kumatun tsohon ya ɓace, fatarsa ta yi sumul kamar ta ’yar tsana, aikin aska takwas na babbar rigarsa kuwa ya narke. Manhajar ba ta ga tsohon ba, hasashensa ta yi, ta ɗora masa fuskar da ta saba gani. Da na tambayi inda dodon hoton yake, sai ya ce an zubar, tunda yanzu akwai shi a waya.

Wannan ɓarna ce, ko da an yi ta da kyakkyawar niyya. Katin da mai hoto ya wanke wa kakanninmu kwafi ne kawai. Asalin yana jikin dodon, wato fim ɗin da haske ya taɓa a ranar, kuma yana riƙe da abin da katin bai taɓa nunawa ba: saƙar rawani a cikin rana, fuskar wanda ya tsaya a inuwar zaure.

Ga lissafin da masu shago ba sa yi. Hoto guda a fim mai faɗin milimita 35 girmansa milimita 24 ne da 36. Na’urar sikanin da aka saita a ɗigo 300 a kowane inci, wadda ta wadatar wa takardar shaidar makaranta, za ta fitar da kimanin ɗigo 425 da 283 daga wannan ɗan fili. Ba zai cika fuskar waya ba. A ɗigo 2400 kuwa, ana samun kusan ɗigo miliyan 8. Sannan dole na’urar ta zama mai haska fim ta bayansa, irin Epson V600 ko Plustek OpticFilm. Kada lambar 6400 da ke jikin kwali ta ruɗe ka, domin idon na’urar bai kai nan ba, nauyin fayil kawai za ka ƙara.

Sai ƙura, wadda duk wanda ya yi hunturu a ƙasar Katsina ya san halinta. Akwai dabarar da ake kira Digital ICE, mai gano ƙura da wani haske da ido ba ya gani. Tana aiki a fim mai launi. A baƙi-da-fari na gargajiya kuwa, azurfar da ta zana hoton tana tare wannan haske, sai na’urar ta ɗauki hoton kansa a matsayin datti ta dagula shi. Tsofaffin hotunanmu da dama irin wannan ne. A kashe ta, a hure fim da ’yar robar hura iska, a riƙe shi ta gefe. A adana na farko a tsarin TIFF ba tare da an taɓa shi ba. JPEG na rabawa ne, WhatsApp kuma matse shi yake yi, sai in an tura shi a matsayin fayil.

Za a ce na’ura da tsada, wuta kuma sai an gan ta. Gaskiya ne, kuma ban ce kowane shago ya saya ba. Guda ɗaya ta ishi garuruwan biyu. Dutsin-Ma na da Jami’ar Tarayya tun 2011, ga Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, ga Hukumar Tarihi da Al’adu a Katsina. Tebur ɗaya a ɗakin karatu, da ma’aikaci ɗaya da ya iya VueScan ko SilverFast, sun isa a fara karɓar abin da ke akwatunan tsofaffin masu hoto: hawan sallar ’Yandaka, fadar Maradin Katsina a Kurfi, aikin madatsar ruwa ta Zobe.

Lokaci ne ba mu da shi. Tsohon fim yana ruɓewa da zafi da laimar damina. Idan ka buɗe gwangwani ka ji warin tsami ya buge ka, ruɓewar ta fara, kuma tana yaɗuwa zuwa na kusa da shi. Ka ware shi daban, ka fara sikanin da shi.