George Bass, Mai Tonon Tarihi A Ƙarƙashin Teku

Ran 2 ga watan Maris na 2021 ne Farfesa George Bass ya rasu a Jihar Teksas ta ƙasar Amurka, yana da shekara 88 a duniya. Zinariya ta sha ratsa hannunsa, amma bai mutu ya bar ko ƙwaya ɗaya daga cikinta a gidansa ba. Abokan aikinsa da almajiransa suna kiransa uban masu binciken jiragen ruwan da suka nutse, kuma ba a banza suka laƙaba masa wannan suna ba.

Asalin al'amarin, a cikin 1958 wani ɗan jarida Ba'amurke mai suna Peter Throckmorton ya shiga cikin masu nutso na garin Bodrum a ƙasar Turkiyya, waɗanda sana'arsu ita ce ciro soso daga ƙarƙashin Bahar Rum. Wani shugabansu ya ba shi labarin tarin ƙarfe da ya gani kwance a wani wuri da ake kira Gelidonya, zurfin mita 27, har yana niyyar fasa shi da nakiya ya sayar wa 'yan gwangwan. Throckmorton ya kai labari Jami'ar Pennsylvania, aka rasa wanda za a aika sai Bass, ɗalibi ɗan shekara 27 wanda bai taɓa nutso ba. Ya ɗan koyi abin da ya samu a tafkin wanka, ya kama hanya a 1960.

Kafin wannan lokaci, al'adar ita ce masani ya zauna cikin jirgi, masu nutso su kwaso masa abin da idonsu ya faɗa a kai. Bass ya ƙi wannan. Ya ce dole masani ya sauka da kansa, a auna kowane abu, a zana shi, a ɗauki hotonsa a inda yake kwance, sa'an nan a ɗaga shi. Dalilinsa kuwa shi ne, tulu ko ma'auni in aka raba shi da mazauninsa, to an rufe masa baki, ba zai ƙara ba da shaidar wanda ya ɗauko shi ko inda aka nufa da shi ba.

Da aka gama aiki, aka gane jirgin ya nutse wajen shekara 1,200 kafin haihuwar Annabi Isa. Bass ya duba duwatsun awo da sauran tarkacen matuƙan, ya ce fatake ne na yankin Sham. Nan fa manyan masana suka yi masa ca, domin su a wurinsu mutanen Girka ne ke riƙe da cinikin teku a wancan zamani. Bai janye ba, ya koma ruwa. A farkon shekarun 1970 ya kafa cibiyar binciken jiragen da suka nutse, wadda ta sami mazauni a Jami'ar Texas A&M a 1976.

Mai haƙuri shi kan dafa dutse. A 1982 wani mai ciro soso ya ga wasu falle-fallen ƙarfe masu kunnuwa a Uluburun, kusa da garin Kas. Daga 1984 zuwa 1994 Bass da almajirinsa Cemal Pulak da jama'arsu suka yi nutso fiye da sau 22,000, a zurfin da ya wuce mita 40, inda mutum ba ya iya daɗewa fiye da minti 20 a saukowa ɗaya. Suka fito da jan ƙarfe tan 10 da kuza tan 1, wato daidai awon da ake haɗawa a yi tagulla. Akwai gilashi, da hauren giwa, da haƙoran dorina, da ƙwan jimina, da baƙin katako na Afirka, da hatimin zinariya mai ɗauke da sunan Nefertiti, sarauniyar Masar. Jirgin ya girmi na Gelidonya da kimanin shekara 100, kuma yawancin kayansa daga Sham da tsibirin Ƙubrus suka fito. Gani ya kori ji, masu gardama suka sassauta.

Duk tsawon wannan zamani Bass bai daina faɗa da masu farautar dukiya ba, waɗanda kan wargaza jirgi sukutum don su tsinci abin sayarwa. Ba a tonon jirgi sau biyu. Wanda aka ɓata ya ɓaci ke nan har abada, tare da labarin mutanen da suka mutu a cikinsa. Abin da Bass ya ciro daga tekun Turkiyya, a Turkiyya ya bar shi, a gidan ajiye kayan tarihi da ke tsohuwar ganuwar Bodrum.

Throckmorton ya riga shi rasuwa tun 1990. Cibiyar da Bass ya kafa tana nan tana aiki, almajiransa sun zama malaman wasu. Da an bar mai nakiyar nan ya cika niyyarsa, da ƙarfen Gelidonya ya narke a maƙera tuni, ba wanda zai san fataken Sham sun taɓa bin wannan hanya.