Ƙasar Da Ta Kulle Ƙofa Kurkuku Ce

Jama'a, 'yan'uwa talakawa da 'yan kasuwa, ku saurari abin da mahukuntan Tarayyar Sobiyat suka yi wa Yahudawan ƙasarsu, don ku san halin azzalumi tun daga nesa.

Laifin mutanen nan ɗaya ne tak, watau sun nemi izinin barin ƙasa. Da zarar mutum ya miƙa takarda sai a kore shi daga aiki, sa'an nan a hana shi izinin, in kuwa ya rasa wani aikin a tuhume shi da zaman banza. A 1972 har haraji aka aza wa mai ilmi, wai sai ya biya kuɗin karatunsa kafin ya fita. Anatoli Sharanski ya nemi izini a 1973 aka hana shi, aka kama shi a 1977, aka yanke masa shekara 13, bai sha iska ba sai 1986. Wata mata, Ida Nudel, don ta rataya ƙyalle a barandar gidanta a 1978 tana neman izininta, aka tura ta Saiberiya shekara 4.

Wani zai ce ina ruwan mutumin Babban Duhu da Bayahuden Mosko? To, zalunci ba ya tambayar addini, kuma mu ma mun ɗanɗani kullen ƙofa. A 1984 gwamnatin soja ta Buhari ta rufe kan iyaka har 1986, fataken Batsari da Safana suka ga hanyar Jibiya zuwa Maraɗi ta toshe. A 1994 gwamnatin Abacha ta ƙwace fasfon Wole Soyinka, sai ta ɓarauniyar hanya ya fice. Namu bai kai nasu zafi ba, amma tunanin ɗaya ne, watau talaka dukiyar mai mulki ce, a ɗaure shi a turke kamar akuya.

Sashe na 13 na Yarjejeniyar Haƙƙin Ɗan Adam ta 1948 ya ba kowa ikon barin ƙasarsa da komowa cikinta. Mai mulkin da ya hana wannan ya tona asirin kansa, don ba a ƙulle mutum a gidan da yake jin daɗi. Surutun duniya ne ya tilasta wa Mosko buɗe ƙofa, a 1991 kuma daular ta wargaje. Saboda haka duk ranar da kuka ji an hana wani fasfo don ra'ayinsa, ko wane ne shi, ku ɗaga murya. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.