SANNU BA TA HANA ZUWA: NASIHA GA MAI NIYYAR RAGE TUWO YA ƘARA MAIƘO

  Ya ku malamanmu masu daraja da alhazanmu 'yan kasuwa, ina roƙon ku ba ni aron hankalinku bisa wata magana da ta shafi akushin kowa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da ya sami wani aminina mai sayar da shadda da atamfa. Likita ya auna shi, ya ce yana da ciwon sukari, ya ɗora shi bisa ƙwayoyi. Ana nan sai ɗansa ya karanto masa a waya cewa akwai wata hanyar cin abinci, a bar tuwo da shinkafa da burodi, a koma ga nama da ƙwai da man shanu, sukari zai sauka, teɓa ta zube. Alhaji kuwa mutum ne mai zafin nama. A daren nan ya ce wa uwargida kada a sake kawo masa tuwo, amma bai fasa shan ƙwayoyinsa ba, bai kuma koma wurin likita ba. Ran kwana na huɗu, bayan azahar, ana tsakiyar ciniki, sai gumi ya karyo masa, hannu ya kama rawa, ya yanke jiki ya faɗi cikin rumfa. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce sammu. Da aka kai shi asibiti sai aka tarar sukarin jininsa ne ya yi ƙasa ƙwarai. Allah ya kiyaye, ya tashi. To, amma da ya warware sai ya koma malmala uku kamar dā, ya ce maganar duk ƙarya ce. Watau ya yi hasara sau biyu: ya sha wuya, ya kuma rasa amfanin.

Ra'ayina a nan guda ɗaya ne. Hanyar nan tana da amfani ga mai ƙiba da mai ciwon sukari irin na manya, amma ƙofar shigarta tadriji ne, watau bi da bi, sannu a hankali. Wanda ya haura ta katanga, abin da ya sami Alhaji shi zai same shi.

Ku sani wannan magana ba sabuwa ba ce. Tun a 1797 wani likitan soja a Ingila, John Rollo, ya rubuta yadda ya yi wa masu ciwon sukari magani da cin nama da kitse da barin abin gari. A 1863 wani mutumin Landan mai sana'ar shirya jana'iza, William Banting, ya buga ɗan littafi a kan ƙibarsa. Gajere ne, amma nauyinsa ya kai laba 202, har ba ya iya sunkuyawa ya ɗaure takalminsa, in zai sauko daga bene sai da baya da baya. Ya bar burodi da sukari da dankali da giya, cikin shekara guda ya rage laba 46. Ku lura da lissafin, ya ku 'yan kasuwa: bai kai laba guda a mako ba. A 1921 likitocin Amurka suka fara amfani da abinci mai yawan maiƙo don yaran da ke farfaɗiya, a 1972 kuma wani likita, Robert Atkins, ya baza hanyar ga jama'a da littafinsa. A 2019 ƙungiyar masana ciwon sukari ta Amurka ta yarda cewa rage abinci mai sitaci yana cikin hanyoyin da suka fi hujja wajen saukar da sukarin jini. Ciwon kuwa yaɗuwa ya ke yi: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu shi miliyan 200 ne a 1990, suka kai miliyan 830 a 2022.

Ga yadda al'amarin ya ke cikin jiki. Duk abin da aka yi da gero, ko dawa, ko masara, ko shinkafa, ko alkama, ko rogo, ko doya, sitaci ne, in ya shiga ciki sukari ya ke komawa, ko da ba a ji zaƙinsa a baki ba. Sai jiki ya fitar da wani sinadari, insulin, wanda aikinsa shi ne shigar da sukarin nan cikin tsoka da hanta, abin da ya yi saura a mai da shi kitse. Manomi da ɗan dako suna ƙone nasu kafin la'asar. Amma malamin da ke zaune bisa buzu tun asuba, da alhajin da ya hau mota daga ƙofar gida zuwa ƙofar rumfa a Kantin Kwari, nasu taruwa ya ke yi shekara da shekaru, har jiki ya gaji da jin kiran insulin, sukari ya tsaya cikin jini. In aka rage sitaci, insulin ya ragu, sai jiki ya juya ga kitsen da ya tara ya riƙa ci.

To, me ya sa yankewa farat ɗaya ke da wuya? Domin jiki yana da ɗan rumbun sukari a hanta da tsoka, wajen rabin kilo, kowane giram kuwa yana riƙe da ruwa kamar giram 3. In aka yanke sitaci, rumbun nan ya zube cikin 'yan kwanaki, ruwansa ya fita ta fitsari, ƙoda kuma ta saki gishiri. Daga nan ne ciwon kai ke zuwa, da jiri, da kasala, da ɗaurewar ƙafa da dare, da taurin bayan gida. Mutum ya hau sikeli ya ga kilo 2 sun tafi cikin mako guda, ya yi murna, alhali yawancinsa ruwa ne. A ƙasar sanyi wannan 'yar wahala ce. A ƙasarmu, cikin zafin bazara, ga mutumin da ya haura hamsin, ba abin wasa ba ne. Saboda haka ban ga dacewar a fara cikin bazara ba, balle cikin watan azumi.

Na san akwai masu ja da ni ta fuska biyu. Na farko su ce kakanninmu da tuwo da fura suka rayu, suka tsufa da ƙarfinsu, me ya kawo wannan bidi'a? Gaskiya ne. Amma kakannin nan su ne fataken da ke korar jakuna daga Kano har Gwanja su sayo goro, tafiyar watanni a ƙasa. Geronsu a turmi a ke daka shi, sukari kuwa ba kowane gida ya san shi ba. Ba su san lemon kwalba ba, ba su san burodi da shayi mai kauri safe da dare ba. Mun riƙe malmalarsu, mun ƙara mata zaƙi, mun ajiye tafiyarsu. Na biyu su ce gara a yanke gaba ɗaya, a sha wuyar mako guda a huta, ai shi kansa Atkins da giram 20 a yini ya ke sa mutum ya fara. Na yarda akwai wanda hakan ke yi wa daidai, musamman in yana hannun likita. Amma abin tambaya ba wa ya fara ba ne, wa ya ɗore bayan shekara. Sabo turken wawa, in ji Hausawa, kuma sabon shekara hamsin ba a tumɓuke shi a dare ɗaya. Malamai sun fi ni sanin cewa ko giya ba a rana ɗaya aka hana ta ba, mataki mataki aka bi. Ban ce tuwo haram ne ba, Allah ya tsare ni, halal ne ɗayyib. Hanyar tarbiyya kaɗai na ke nunawa. Kuma ba wanda ya taɓa rubuta wa ƙolo izu sittin a allo rana ɗaya. Da babbaƙu a ke farawa, sa'an nan farfaru.

Ga yadda na ga ya kamata a bi, kowane mataki a ba shi kamar mako biyu, kada a wuce sai jiki ya natsu.

Da fari a fara da abin sha, a ƙyale akushi tukuna. Ƙaramar kwalbar lemo ɗaya tana ɗauke da sukari wajen ƙaramin cokali 9, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2015 ta ce kada babba ya wuce misalin 12 a yini, in ya tsaya a 6 ya fi. Mai zuba cokali huɗu a shayi ya koma biyu, sa'an nan ɗaya, sa'an nan babu. Zoɓo da kunun aya da fura a sha su ba sukari, furar ma a dama ta da nono mai yawa, curi ƙarami. Na san darajar zuma da dabino a zukatanmu, ban kuwa taɓa ta ba. Amma a sani zuma kusan kashi huɗu cikin biyar sukari ce, busasshen dabino kusan kashi biyu cikin uku. Albarkar abu ba ta ɗauke masa awo.

Na biyu karin kumallo. Maimakon burodi da koko da waina, a ci ƙwai biyu ko uku da albasa da tumatir, ko kindirmo ba sukari da ɗan gyaɗa, ko ɗumamen miya da nama. Mai yin haka zai ga yunwar hantsi ta ja baya, gama maiƙo da nama sun fi daɗewa a ciki.

Na uku shi ne babba, watau tuwon dare da shinkafar rana. Kada a ce wa uwargida ta ɗora tukunya biyu, wannan zalunci ne, kuma ba ya ɗorewa. Tukunyar gida ɗaya ce, awon maigida ne zai sāke. Mai cin malmala biyu ya koma ɗaya, bayan mako biyu ya koma rabi. Dā tuwo ne ubangida, miya bara. Yanzu a juya, miya ta cika kwano, tuwo ya zama rakiya. Allah kuwa ya hore mana: kuka, kuɓewa, karkashi, alayyafo, yakuwa, miyar gyaɗa da ta agushi, kwaɗon zogale da na rama da ƙuliƙuli, busasshen kifi da daddawa. Kada wani ya ce hanyar nan ta masu kuɗi ce domin nama ya yi tsada. Gyaɗa da riɗi kusan rabinsu mai ne, ga su a kowace kasuwar ƙauye. Kuɗin lemo da burodi da aka bari ya isa ya sayi ƙwai.

Na huɗu, maiƙo ya hau gwargwadon yadda sitaci ya sauka, kamar sikeli. Nan ne mutane da yawa ke ɓata. Su ji an ce mai ba laifi, sai su malala man shanu bisa malmala uku, su bi da fanke da soyayyen dankali. Wannan ba hanyar ba ce, haɗa wuta biyu ne. Kuma mai ba duka ɗaya ba ne. Man gyaɗa da na riɗi da na zaitun da maiƙon kifi sun fi sauƙi ga jijiyoyin jini. Man shanu da kitsen nama da manja suna ɗaga kitsen jini ga waɗansu mutane, wanda ke iya toshe hanyar zuciya. A ci su da awo, bayan wata uku a je a auna jini a ga inda aka kwana.

A sha ruwa da yawa cikin makonnin nan, a sha romo. A riƙa tafiya masallaci a ƙasa, musamman bayan cin abinci. Kuma ba dole ne kowa ya kai ƙarshen hanya ba. Masana suna kiran abinci mai ƙarancin sitaci tun daga ƙasa da giram 130 a yini. Mai tsanani shi ne ƙasa da 50, alhali kofi ɗaya na dafaffiyar shinkafa ya kai 45. Wanda ya tsaya a mataki na uku, ya ga sukarinsa ya daidaita, wandonsa ya yi masa yawa, to ya isa masauki, ya sauke kaya.

Saura gargaɗi, shi ne kuwa mafi nauyi cikin maganata. Duk mai yin allurar insulin, ko mai shan ƙwayoyin sukari ko na hawan jini, kada ya rage ko loma ɗaya da niyyar bin hanyar nan sai ya zauna da likitansa, domin an auna maganin ne bisa abincin da ya saba ci. In abinci ya sauka, magani bai sauka ba, sukari ko jini ya faɗi. Alamarsa gumi mai sanyi, rawar jiki, bugun zuciya da ruɗewa. In kun ga haka ga maƙwabcinku a kasuwa, in yana iya haɗiya ku ba shi ruwan sukari nan take, ku kai shi asibiti. In ya suma kada a ɗura masa kome a baki. Mai ciwon ƙoda, da mace mai ciki, da mai goyo, su ma sai da izinin likita. Yara kuwa da almajirai babu ruwansu da wannan magana. Kada wani malami ya karanta wannan ya rage wa almajiransa tuwo. Su ƙari su ke bukata, ba ragi ba.

Wani abu kuma ya rage, shi ne kunya. Ka je suna ko walima, a ajiye maka waina da alkaki, ka ƙi ci a ce girman kai. Ka ci loma ɗaya ka sa albarka, ka faɗi gaskiya cewa lalura ce. Mu kuma masu masauki mu daina tilasta wa baƙo lemon kwalba da sunan karamci. Ruwan sanyi da gasasshen nama ma girmamawa ne.

Jiki amana ne, jarin malami ne, jarin ɗan kasuwa ne. Wanda ido ya dushe masa ba ya duba littafi, wanda aka yanke wa ƙafa ba ya zuwa fatauci, ciwon sukari kuwa in an yi sakaci yana kai ga duka biyun. Aminina Alhaji ya sake farawa a bana bayan ya shawarci likita. Ya fara da shayi, yanzu yana kan malmala ɗaya, an kuma rage masa ƙwaya. Ku ma ku fara da cokalin sukarin gobe da safe.

Allah ya ba mu lafiya mai amfani, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sa albarka cikin abin da mu ke ci da abin da mu ke sha, amin. Haza wassalam.