Wa Zai Riƙe Usur?



A zaɓen shugabannin zumunta da muka yi kwanakin baya, mutum huɗu suka nuna sha'awar zama shugaba. Ƙungiyar mawaƙa kuwa ta cika har kujeru ba su isa ba. Amma da aka tambaya ko akwai wanda zai ɗauki nauyin yaran nan da ke buga ƙwallo a filin bayan majami'a kowace yamma, sai kowa ya sunkuyar da kai. Ni ma ina cikin masu sunkuyarwar. Tun ranar abin yake damuna, shi ya sa na ga ya kamata in faɗi ra'ayina a fili: horar da yaran nan hidima ce kamar koyarwa a Makarantar Lahadi, kuma ya kamata zumunta ta naɗa mutum a kanta, ta ware mata kuɗi, ta riƙa yi mata addu'a.

Na san dalilin da ya sa muke gudun aikin. Ba shi da mumbari, ba shi da makirufo. In yaro ya ci ƙwallo, sunan yaron za a kira. In ƙungiya ta sha kashi, koci za a zaga. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A jami'o'in Amurka akwai wata irin ƙwallo da ake rungumewa a hannu a ruga da ita. Ƙungiya ɗaya tana da masu horarwa da yawa, kowa da ɓangarensa. Akwai wanda aikinsa kawai shi ne kula da 'yan wasan da ake miƙa wa ƙwallon su keta tsakiyar abokan karawa. Ba su da yawa, ɗaki ɗaya ƙarami ya ishe su. Yana koya masu yadda ake riƙe ƙwallo kada ta suɓuce, da yadda ake kare ɗan'uwa da jiki, yana bibiyar karatunsu, yana zuwa gidajen iyayensu. In aka kori babban koci, sau da yawa shi ma sai ya kwashe iyalinsa ya nemi wata makarantar. Kuma ƙasa da biyu cikin ɗari na 'yan wasan jami'o'in ne ke kaiwa ga babbar gasar ƙwararru. Wato mutumin ya san cewa kusan duk yaran da ya horar za su ƙare a wasu sana'o'in ne dabam. In ƙwallo kawai ya koya masu, wahalarsa ta tafi a banza. In ya koya masu hali, wannan ne zai bi su har cikin gidajensu.

Ba sai mun je Amurka ba ma. A 2007, Yemi Tella ya kai 'yan wasan Najeriya 'yan ƙasa da shekara 17 Koriya ta Kudu, suka ci kofin duniya bayan sun doke Sifaniya a bugun fanareti. Yana fama da ciwo a lokacin, kuma 'yan makonni bayan dawowarsu ya rasu. Cikin mataimakansa akwai Manu Garba. A 2013 Manu Garba ne ya zama babban koci, ya ci kofin a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, inda aka lallasa Meziko da ci 3 da nema a wasan ƙarshe, aka kuma zaɓi Kelechi Iheanacho gwarzon gasar. Cikin mataimakan Manu Garba akwai Emmanuel Amunike. Ku tuna ko wane ne Amunike: shi ya ci ƙwallaye biyun da Najeriya ta doke Zambiya da su a wasan ƙarshe na kofin Afirka a 1994, shi ne gwarzon ɗan wasan Afirka na wannan shekarar, shi ya ci ƙwallon da ta ba mu zinariya a Atlanta a 1996. Duk da haka ya yarda ya zama mataimaki a ƙungiyar yara. A 2015 shi ma ya ci kofin a Chile, da wani yaro mai suna Victor Osimhen wanda ya zura ƙwallaye 10 a gasar, wanda kuma a 2023 ya zama gwarzon ɗan wasan Afirka. A gidan kallo kowa ya san Osimhen. Mutum nawa ne za su iya bin zaren su koma baya har zuwa Tella?

Irin wannan zaren yana cikin Littafi Mai Tsarki. Barnaba Balawe ne daga Kubrus, ainihin sunansa Yusufu, manzanni ne suka laƙaba masa sunan da ke nufin mai ƙarfafa zuciya. Da Shawulu ya tuba ya zo Urushalima, masu bi sun ji tsoronsa, kuma suna da dalili. Barnaba ne ya kama hannunsa ya kai shi gaban manzanni, ya tsaya masa (Ayyukan Manzanni 9:26-27). Daga baya ya yi tattaki har Tarsus ya nemo shi, ya kawo shi Antakiya suka yi shekara guda suna koyarwa tare. In kun karanta da kyau za ku ga da farko sunan Barnaba ke zuwa a gaba, can a tsakiyar labarin sai na Bulus ya fara wucewa gaba. Ba mu ga inda Barnaba ya yi gunaguni ba. Gardamar da ta raba su ma a kan wani saurayi ne, Yohanna Markus, wanda ya bar su a Bamfiliya ya koma gida. Bulus ya ce ba za a sake tafiya da shi ba. Barnaba ya ɗauke shi suka nufi Kubrus (15:36-40). Bayan shekaru, Bulus da kansa, yana kurkuku, ya aika wa Timoti ya zo masa da Markus domin yana da amfani a hidima (2 Timoti 4:11). Yaron da aka cire daga tawaga ya samu wanda bai fid da rai da shi ba.

Ni ma na samu irin wannan mutumin. Malamin firamare ne, ba fasto ba ne, ba dattijon ikilisiya ba ne. Yana da tsohon usur da ƙwallo ɗaya da ta sha faci. Ina aji biyu a sakandare na fara bin wasu manyan yara, na fara guje wa makaranta. Ranar da za mu tafi wasa Kurfi, wasan da na yi wata guda ina mafarkinsa, ya ce ba zan buga ba sai na kawo littattafaina ya duba. Na yi fushi, na yi mako uku ban je fili ba. A mako na huɗu sai ga shi a ƙofar gidanmu da kekensa. Bai yi mini wa'azi ba. Ya gaishe da babana, ya ce mini gobe ƙarfe huɗu akwai atisaye, kuma in zo da littafin lissafi. Ban zama ɗan ƙwallo ba. Amma na gama makaranta, kuma biyu daga cikin yaran da nake bi a lokacin ƙwaya ta lalata masu rayuwa.

Akwai iyayenmu da ke ganin ƙwallo ɓata lokaci ce, kuma maganarsu ba ta banza ba ce. Mun ga samarin da kallon wasan Ingila ya hana su zuwa nazarin Littafi Mai Tsarki. Mun ga waɗanda cacar ƙwallo ta waya ta cinye masu kuɗin makaranta. Mun ji labarin iyayen da suka sayar da gona suka ba wani da ya ce zai kai ɗansu Turai, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Duk gaskiya ne. Amma in muka janye, yaran ba za su daina zuwa fili ba. Suna can yanzu haka. Abin da bai tabbata ba shi ne wane ne babba a cikinsu. In ba mu tura mai tsoron Allah ba, mai sayar da ƙwaya ba ya jiran a gayyace shi. A wannan yanki namu, inda matsalar 'yan bindiga ta kori iyalai da yawa daga ƙauyuka zuwa cikin Dutsin-Ma, akwai yaran da suka rasa makaranta, wasu suka rasa uba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma wani zai tanƙwara shi ko mun so ko ba mu so ba.

Ga abin da nake roƙon sabbin shugabanninmu su kai gaban fasto da dattawa. A naɗa mutum biyu, ba ɗaya ba, domin kada babba ya keɓe da yara shi kaɗai, kuma in ɗaya ya yi tafiya aikin ba zai tsaya ba. A ware wani abu daga baikon zumunta don ƙwallo da usur da ruwan sha da ɗan akwatin magani. Kada a sa atisaye ko wasa a lokacin sujada. Yaron da ba ya zuwa makaranta ko wurin koyon sana'a a zauna da iyayensa kafin a ba shi riga. Kada koci ya yi wa kowa alkawarin Turai ko na Katsina United. Yaran maƙwabtanmu Musulmi da ke buga ƙwallo tare da namu a karɓe su da sanin iyayensu, ba ɓoye-ɓoye, kuma in lokacin sallarsu ya yi a ba su dama. A kuma tuna da 'yan mata, su ma suna buƙatar wata babba da za ta tsaya a kansu, ko a ƙwallon raga ko a guje-guje.

Ba mu rasa mutane ba. Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma a 2011, ga kuma Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, kowace shekara ɗalibai masu bi suna shigowa garin nan, suna sujada tare da mu. Wasunsu sun yi wasa a makarantunsu, wasu ma koyarwa suke karanta. Ɗan'uwa ɗalibi, shekara uku ko huɗu da za ka yi a nan sun isa ka riƙe yaro ɗaya daga aji ɗaya har ya gama ƙaramar sakandare. Kafin ka tafi, ka koya wa wani ɗan gari ya karɓa, kamar yadda Bulus ya umarci Timoti ya danƙa abin da ya koya ga amintattun mutane da za su koya wa wasu (2 Timoti 2:2).

Ni dai na riga na gaya wa shugaba cewa ranar Asabar da ƙarfe huɗu zan je fili. Ban iya tsara 'yan wasa ba, gwiwata ma ba ta da ƙarfin gudu kamar dā, amma zan iya riƙe sunayen yara da duba littattafai. Ina neman na biyu wanda ya san ƙwallo.

Mu yi addu'a. Ya Uba na sama, ka gafarta mana son a gan mu. Ka ba mu zuciya irin ta Barnaba, mu tsaya wa yaron da kowa ya gaji da shi. Ka albarkaci malamai da masu horarwa da suka wahala a kanmu ba mu gode masu ba. Ka tsare yaran Dutsin-Ma da Kurfi da ƙauyukan kewaye, ka ba ƙasarmu salama. A cikin sunan Yesu Almasihu muka roƙa. Amin.